Kujerar Manyan Baƙi

Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa, yana gama faɗarsa kuma ya ɗauki rediyonsa ya kara a kunne, alamar magana ta ƙare.

"Ya shigo falon nan da ƙafarsa, ya gaya mini abin da yake so da bakinsa. Ban da keke, ban da mai yi masa tafinta. In ya yi haka zan saurare shi."

Wata tara na yi ina kuka a bar ni in auri wanda nake so kafin in samu wannan. Wata tara Umma ba ta haɗa ido da ni in muna aiki a kicin, Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, ta mayar da gidanmu wurin aikinta, kullum tana zuwa duba ko hankalina ya dawo. Shi ya sa da na ji sharaɗin na durƙusa na yi ta godiya. Ban tsaya na yi tunani ba. Ni da na fi kowa sanin jikin mutumin nan, ni ce na amsa da to.

Mai Agogo kowa ke kiransa, don yana da ɗan teburi mai gilashi a ƙarƙashin matakalar wani bene, inda yake gyaran agogo. Shekararsa talatin da huɗu. Da aka haife shi ya daɗe bai yi kuka ba, iska ba ta isa ƙwaƙwalwarsa da wuri ba, sai sashen da ke kula da motsin jiki ya taɓu. Hankalinsa garau yake, ya fi na mutane da yawa da na sani masu yawo da ƙafa biyu. Jikin ne ba ya jin magana. In ya ce wa ƙafa ta saki sai ta ɗaure, in ya ji tsoro ko kunya kuwa, ɗaurin ya ninka.

Shekara biyu ke nan da aka turo shi sashen gashin ƙashi na asibitin da nake aiki a matsayin mataimakiya. A kan wani tsohon keken guragu ya zo, wanda mazauninsa ya lotsa, duk ya karkace gefe ɗaya, haɓarsa a ƙirji, in ya yi magana sai ka ce ya sake sau uku. Ni da Shugabarmu da kafintan asibiti muka yi mako biyu a kan keken nan. Muka sa katako a ƙasa da soso mai tauri, muka kafa matasai biyu a gefen haƙarƙarinsa, muka ɗaura bel a ƙugu, muka gyara allon taka ƙafa. Ranar da muka zaunar da shi, bayansa ya miƙe, numfashinsa ya sauka har ciki, ya ɗago kai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe masu takalman nan suna da fuska," in ji shi, tiryan-tiryan.

Daga ranar yake kirana Muguwa, saboda ba na rage masa ko ɗaya a ƙirgan motsa jiki. Ban san ranar da na fara sonsa ba, na dai wayi gari na ga ba ni da wani labari sai nasa.

Ga abin da na sani, wanda Baba bai sani ba. In Mai Agogo yana cikin kekensa, jikinsa a tokare ta ko'ina, yana magana kamar kowa, hannunsa na riƙe hantsaki ya ɗauko notin da ko ganinsa ba na yi. In ya miƙe tsaye kuwa, duk ƙarfinsa tafiya yake wajen hana shi faɗuwa, ba ya rage ko na kalma ɗaya. Abu biyu Baba ya nema, tafiya da magana, jikin Mai Agogo kuma ɗaya yake bayarwa a lokaci ɗaya.

* * *

Shugabarmu ta wanke ni tas da ta ji. Ta ce shekara biyu muka yi muna koya wa bawan Allah nan cewa keken nan ƙafarsa ce, ba abin kunya ba, yanzu kuma ni da bakina zan ce ya ajiye ta a bakin ƙofa don a ce shi ma mutum ne. Ta ce in na yi haka na zubar da aikina, kuma ita ba za ta sa hannu ba. Amma ba ta karɓe makullin ɗakin motsa jiki daga hannuna ba.

Na je na same shi a teburinsa, gilashin gyara maƙale a idonsa, na gaya masa komai, har da maganar Shugaba. Na ce in bai yarda ba, zan koma in ce wa Baba ba zai yiwu ba.

Ya cire gilashin ya ajiye a hankali.

"In kin ce ba zai yiwu ba, sai me?"

Bai jira amsata ba, ya sake jefo wata tambayar.

"Taku nawa ne daga ƙofar gidanku zuwa falon?"

Na ce ban ƙirga ba.

"To ki ƙirga, Muguwa. Ai ƙirga ce sana'arki."

Na ƙirga. Da irin takunsa, goma sha bakwai ne, da dokin ƙofa ɗaya a na sha shida. Na roƙi Baba ya yarda da sanduna, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai tsofaffi ma suna riƙe sanda. Na manna filasta a daɓen ɗakin motsa jiki, layi goma sha bakwai, na ajiye guntun katako a madadin dokin ƙofar. Kullum bayan an tashi aiki sai ya rufe teburinsa ya zo.

Makon farko taku huɗu ya yi ya faɗi. Mako na uku ya kai sha ɗaya, gwiwoyinsa suna gogar juna har fata ta saluɓe, na riƙa naɗe masa su da bandeji. Hannunsa ya fara rawa a wurin aiki saboda gajiya, har ya mayar wa mutum biyu da agogonsu bai gyara ba. Bai gaya mini ba, mai ɗinkin takalmin da ke kusa da shi ne ya tsegunta mini.

Dabararmu mai sauƙi ce. A ƙarshen taku na sha bakwai akwai kujerar katako mai miƙaƙƙen baya, a jingine da bango. Zai zauna, ya tura ƙugunsa can ciki, tafin ƙafarsa biyu a ƙasa, ya yi numfashi goma, sannan ya yi magana. Jimla huɗu kacal ya shirya. Kujerar ba ta kai kekensa ba, amma a kan katako mai tauri jikinsa yana samun abin dogara na minti biyar ko shida, mu kuma minti biyu muke nema. A mako na shida ya yi tafiyar ya faɗi jimlolin sau uku a jere, ni ina zaune a gabansa na haɗe rai a matsayin Baba. A karo na uku na kasa haɗe ran, na kifa kai na yi kuka, shi kuma yana ta yi mini dariya wai surukin nasa ya cika taushin zuciya.

Duk wannan lokacin Mai Kemis bai fasa zuwa gidanmu ba. Ɗan aminin Baba ne, yana da shagon magani a babban titi, duk Asabar yana zuwa ya auna jinin Baba ya kawo wa Umma man shafawa na gwiwa. Dogo ne, mai sanyin murya, ba ya zama sai an ce ya zauna. Shekara guda yana nemana. Na tona na tona ban samo masa aibi ko ɗaya ba, wannan kuma ya fi komai ba ni haushi. Gwaggo in ta gan shi bakinta har kunne.

Asabar Baba ya sa wa Mai Agogo, ƙarfe huɗu na yamma. Na san hannun Gwaggo ne a zaɓen ranar, amma ban isa in ce a canja ba.

* * *

Da safen ranar na ɗauko kujerar katakon da nake karatu a kanta, na kai falo na jingine ta da bango, dab da ƙofa. Umma tana share ƙura ta tambaye ni me wannan tsohuwar kujerar take yi a nan. Na ce a dai bar ta. Ta sake tambaya, na ce babu komai, a bar ta kawai.

Jimla ɗaya ce da ta isa. Da na ce, Umma, ba ya iya zama a kan abu mai taushi, da shi ke nan. Amma wata tara na yi ina rantse musu cewa ba ya buƙatar komai, shi yake wankansa, shi yake sa kayansa, shi yake ciyar da kansa. Sai na ga in na ce ko kujera sai an zaɓa masa, na ba Gwaggo abin faɗa. Na haɗiye maganar.

Umma ta biyo ni ɗaki ta zauna a bakin gado. Ta soma magana tana murza bakin zanenta.

"Ni ban ƙi yaron nan ba. Na ji an ce yana da kirki."

"To me ya rage, Umma?"

"Ke ce kika rage. Yanzu shekararki ashirin da takwas, kina da ƙarfi, kina ganin za ki iya. Ni na yi jinyar kakarki shekara shida, na san yadda baya yake yi. Ranar da kika kwanta ciwo, wa zai ɗaga ki? Ranar da kina da ciki wata tara ya zame a banɗaki, wa zai ɗaga shi?"

Na ce mata ba jinya zan je yi ba, aure zan yi. Na ce mutumin nan shi yake kai kansa ko'ina a garin nan, kuma tun da nake ban taɓa zama da wanda yake saurarona kamar shi ba. Hawaye ya hana ni ƙarasawa.

"Na san kina sonsa," in ji Umma, ita ma idonta ya kawo ruwa. "Da ba kya sonsa da ban ji tsoro ba. Wadda ba ta so tana iya gudu in ta gaji. Ke ba za ki gudu ba, a nan za ki ƙare."

Ta tashi ta fita, ta bar ni da ƙamshin man gwiwarta a ɗakin.

Ƙarfe huɗu saura minti biyar na hango shi ta tagar lungun da ke tsakanin ɗakuna da falo. Shi ya turo kansa tun daga gida, sandunan a ɗaure a bayan keken. Ya sa farar riga da na san sabuwa ce. Ya danne birki a bakin ƙofa, ya kwance bel, ya zura hannuwansa cikin sandunan, ya yunƙura sau biyu, a na uku ya miƙe.

Na riƙa ƙirgawa a zuciyata. A na bakwai ƙafar hagu ta sarƙe ta dama, ya tsaya, ya yi numfashi kamar yadda muka koya, ya warware ta. A na sha biyu gumi ya jiƙa bayan rigar. A na sha shida ya ɗaga ƙafa ya ƙetare dokin ƙofar bai ko taɓa shi ba. Na toshe bakina da mayafi don kada a ji ni, na koma bayan labulen falo na leƙa.

Kujerar katakon ba ta nan.

Daga baya na ji cewa Baba ne ya sa aka fitar da ita, ya ce ba a gidansa za a ɗora baƙo a kan kujerar 'yan makaranta ba, ko da kuwa baƙon da ba a so ne.

Baba yana tsaye. Ban taɓa ganin ya miƙe wa wani saurayi ba. Ta taga ya kalli tafiyar nan tun daga farko, kuma na ga abin ya taɓa shi, don muryarsa ta sauya da ya ce sannu, sannu da ƙoƙari. Sai ya matsa gefe ya nuna masa kujerarsa ta kansa, babbar nan mai zurfi mai laushin soso, wadda ko mu 'ya'yan gida ba ma zama a kai, sai manyan baƙi.

"Zauna nan, ka huta."

Mai Agogo ya waiga dama, ya waiga hagu. Ni kaɗai na san abin da yake nema. A tsaye yake, don haka ba shi da bakin cewa a ba shi wata. Ƙafafunsa sun fara karkarwa. Ga dattijo ya ba shi kujerarsa da hannunsa, ga Mai Kemis a gefe da abin awon jini a cinya, ga Gwaggo a bakin ƙofar kicin ta naɗe hannu. Ya juya ya saki jikinsa a cikin kujerar.

Soson ya haɗiye shi. Ƙugunsa ya zame gaba, ƙafafunsa suka bar ƙasa, bayansa ya nemi abin dogara bai samu ba. Na ga lokacin da tsoro ya shige shi, na kuma san abin da zai biyo baya. Jikin gaba ɗaya ya miƙe ya sandare, ƙafarsa ta harba ta bugi ɗan teburin tsakiya, kofin ruwan da aka ajiye masa ya faɗi ya fashe. Kansa ya koma baya, muƙamuƙinsa ya ɗaure.

Baba bai gane ba. Ya zauna a ɗaya kujerar, ya kau da ido daga fasasshen kofin don kada ya kunyata baƙo, ya ce a hankali, "Ba komai. Ina sauraronka."

Mai Agogo ya yi ƙoƙari. Allah ya sani ya yi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne, yawu ya gangaro ta gefen bakinsa ya sauka a kan farar rigar. Idonsa biyu a buɗe, yana ganin kowa, yana jin komai.

Mai Kemis ya zabura ya ce farfaɗiya ce, a ba shi wuri. Ya danne masa kafaɗa, ya kama hannunsa yana ja don ya miƙar da shi. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma jikin nan in ka ja shi ƙara ɗaurewa yake.

Ban san lokacin da na yaye labulen ba.

"Sake shi. Ba farfaɗiya ba ce, sake shi."

Na durƙusa a gaban kujerar, cikin ruwa da fasasshen gilashi. Na lanƙwasa gwiwoyinsa a hankali, na sauke tafin ƙafarsa ƙasa na danne da nawa gwiwoyin, na tura ƙugunsa baya da damtsena, na dafa ƙirjinsa da ɗaya hannun ina ce masa ya yi numfashi, ni ce, ya yi numfashi. Na goge masa baki da gefen mayafina. Aikin da nake yi kullum ne, hannuna ya yi shi ban ko yi tunani ba. Sai da jikin ya fara saki na tuna a gaban wa nake.

Na juyo, ban saki ƙirjinsa ba.

"Baba, kujerar ce. Don Allah a shigo da kekensa, minti biyar kawai. Wallahi yana magana, Baba, ya fi ni iya magana. Ya yi tafiyar, ka gani da idonka. Minti biyar."

Baba ya zuba mini ido. Da faɗa ya yi da na ji sauƙi. Idonsa ne ya yi ja.

"Na yarda yana magana," ya ce. "Na kuma ga tafiyar, ban taɓa ganin namijin ƙoƙari irin wannan ba. Yaro, Allah ya yi maka albarka, ba ka da laifi a wurina." Ya numfasa. "Amma ni ba shi nake kallo ba, ke nake kallo. Gwiwarki jini take yi, ba ki ma sani ba. Na yi shekara ashirin da takwas ina hana ki durƙusa a kan abin da zai yanke ki. Ba zan ɗauke ki da hannuna in kai ki inda za ki ƙare rayuwarki a haka ba."

"Baba, sau ɗaya ne, kuskure ne..."

"Tashi."

"Baba..."

"Na ce ki tashi. Maganar nan ta mutu."

Na tashi. Ina sakinsa ya fara zamewa kuma. Mai Kemis ya dubi Baba, ya dube ni, sai ya sunkuya ya ɗauke shi cak, hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, ɗaya a baya, kamar yadda ake ɗaukar yaro mai barci. Bai tambaye shi ba. Ya ƙetare dokin ƙofar da shi, ya ratsa tsakar gidan da ya ci mana mako shida, cikin taku takwas ko tara. Na bi su da sandunan a hannu. Mai Agogo ya rufe idonsa tun daga falo har bakin ƙofa.

* * *

Mai Kemis ya sauke shi a keken, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya koma ciki ya ja ƙofar don ya ba mu wuri. Ko wannan ladabin nasa sai da ya ƙona mini rai.

Na gyara masa zama, na ɗaura bel, na daidaita matasan gefe, na ɗora ƙafafunsa a kan allo. Na tsaya ina kallon jikin yana dawowa hannunsa kaɗan-kaɗan. Kafaɗun suka sauka, numfashin ya daidaita, kan ya miƙe. Ya ciro hankici ya goge bakinsa da kansa, ya dubi tabon da ke kan rigarsa.

"Ina kujerar katakon?" ya tambaya. Muryar ta fito tas, ba gargada, yadda da ta fito minti goma da suka wuce da yanzu wani labarin ake yi.

Na ce na ajiye ta, ban san wanda ya ɗauke ba.

"Kin gaya musu dalilin ajiye ta?"

Na so in yi ƙarya. Na kasa.

"Ban gaya musu ba."

Ya gyaɗa kai, kamar ya buɗe bayan agogo ya ga abin da dama yake zato.

"Kin ji kunya a san ko kujera sai an zaɓa mini."

"Ba kunya ba ce, tsoro na ji. Na ji tsoron Gwaggo ta samu abin faɗa, na ji tsoron su ce..." Kuka ya ƙwace mini. "Ka yafe mini. Ni na jawo. Jimla ɗaya ce, na kasa faɗa. Zan koma in gaya wa Baba komai, zan roƙe shi ya sake ba mu rana, ko zai kore ni daga gidan."

"Ki daina kuka, mutane na wucewa. Ban riƙe ki ba. Ai ni ma na ji kunyar. Da aka ce in bar keken nan a waje, da na ce a'a, a nan nake mutum, wanda zai saurare ni ya saurare ni a nan. Ban faɗa ba. Na yi mako shida ina koyon zama wani mutum daban don mahaifinki ya so shi, ke kuma kina ƙirga mini. Shugabarku ta faɗa mana gaskiya, mu biyu muka ƙi ji."

"To mu gyara. Mu koma da keken."

"Ya riga ya gani, Muguwa. Duk abin da zan faɗa yanzu, in ya dube ni yawun nan zai gani, da ke a durƙushe. Ni ma na gan ki. Ina kwance cikin kujerar nan ba na iya motsi, ina kallon jini a gwiwarki, na kasa ce miki ki matsa daga kan gilashi." Nan muryarsa ta karye, ba don ciwon ba. "Dattijon nan bai yi ƙarya ba. Da 'yata ce, ban san me zan ce ba."

"Kada ka goyi bayansa. Kowa ya goyi bayansa, ban da kai."

"Ba bayansa na goya ba. Na gaji ne."

Na ce masa ina sonsa, a fili, a bakin titi, abin da ban taɓa faɗa da wannan kalmar ba. Na ce ba zan auri kowa ba, in Mai Kemis ya ga dama ya shekara goma yana auna jinin Baba. Ya saurare ni har na gama, hawaye na bin fuskarsa bai goge ba. Sannan ya ce in ɗaura masa sandunan a bayan keken, kuma ranar Litinin zai nemi a mayar da shi hannun wata ma'aikaciyar.

Na ɗaura. Na kama hannun keken don in raka shi ko zuwa bakin titi ne.

"Kada ki tura ni," ya ce, bai waigo ba.

Na saki.

Daga cikin gida na ji Umma tana kirana, in zo a wanke mini ciwon. Ta bayanta muryar Gwaggo tana gaya wa Baba cewa mahaifin Mai Kemis ya ce zai shigo gobe da hantsi, tunda yanzu hanya ta buɗe.

Na tsaya a inda ya bar ni. Idona na kan ƙarshen layinmu, inda akwai wata gangara mai tsauri kafin a hau babban titi, da kwata a gefenta. Masu keken guragu da yawa a nan suke tsayawa su jira mai taimako. Na ce a raina dole ya tsaya, in ya tsaya zan ruga, in na riƙe keken nan kuma ba zan sake saki ba, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Har na cire takalmina na riƙe a hannu.

Ya isa bakin gangarar. Ya jingina bayansa, ya kama ƙafafun keken da tafin hannu biyu, ya riƙa saki kaɗan-kaɗan yana riƙewa, daidai yadda na koya masa. Ya sauka lafiya lau, ya duba dama da hagu, ya karya kwana, bai nemi kowa ba.